Don Allah a Bar Dokin Mutane Ya Ci Abin da Mai Shi Ya Ba Shi



Daga ƙaramar sallah zuwa yau, ƙorafi uku ne suka zo teburin ƙungiya a kan magana ɗaya, kuma duk ni na rubuta su a littafin taro. Masu dawakai ne suke roƙo a yi wa jama'a magana, a daina miƙa wa dawakansu abinci idan an gan su ɗaure a bakin hanya. Ranar da aka fara karanta ƙorafin, wani dattijo a cikinmu ya ce, "To, yau kuma alheri ne ya zama laifi?" Aka yi dariya. Amma tambayarsa tana kan hanya, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu ita za su yi. Shi ya sa na ga ya kamata in yi bayani a tsanake, ba in liƙa sanarwa mai layi biyu in wuce ba.

Doki ba baƙo ba ne a ƙasar Guddiri. A kan doki aka kafa masarautar Katagum zamanin Malam Zaki, kuma tun da hedikwata ta dawo Azare a 1916 har yau, wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya san matsayin doki a wajenmu. Gadau ma tana da nata tarihin da lafiyar dabba. A shekarun 1930 a nan Turawa suka ajiye tashar binciken ƙudan tsando, ƙudan da ke kawo wa mutum ciwon barci, ya kawo wa shanu da dawakai sammore. Wato kakanninmu sun sha fama kafin su riƙe doki da rai a wannan yanki. Abin da ya sauya yanzu shi ne wurin da dokin yake wuni. Da, gidan mai doki yana da barga da fili. Yau an raba gado, an yanka filin an yi ɗakuna, an sa haya. Tun da jami'ar jiha ta buɗe a garin nan a 2011 fili ya yi daraja, kowa kuma ya san haka. Sai turke ya fito waje. Da rani za ka ga doki a gonar da aka girbe a gefen titin Azare, an yi masa talala a gindin darbejiya. Da damina, lokacin da gonaki suke da shuka, sai a matso da shi ɗan filin da ya rage tsakanin kwalta da kunyar farko. Duk mai wucewa, da ƙafa ko a babur, hannunsa yana kaiwa.

Me ake ba shi? Ni da idona na ga gutsuren burodi, da ɓawon kankana, da ɓawon rake, da ƙanzo, da ragowar shinkafar biki, da ƙwallon mangwaro, da ɓawon rogo, da tsakin masara da aka share daga injin niƙa. Na ga wanda ya tsaya ya ɓare biskit yana ba doki yana ɗaukar hoto. Na ga baiwar Allah da ta juye sauran tuwo a gaban turke ta tafi tana jin ta yi sadaka. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fito da niyyar cuta. Abin da ya sa maganar take da wuyar faɗa ke nan.

Yawancinmu da akuya da tumaki da shanu muka tashi, sai muke auna doki da ma'auninsu. Akuya ce ta koya mana cewa dabba tana cin komai. To cikin doki ba irin nasu ba ne. Saniya da akuya cikinsu kashi huɗu ne, suna tuƙa, suna dawo da abin da suka haɗiye su sake taunawa, suna fitar da iska ta baki. Doki tumbi ɗaya gare shi, kuma ƙarami ne idan ka dubi girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Babban abin kuma, doki ba ya amai. Ƙofar tumbinsa shiga kawai take bari, ba ta barin fita. Duk abin da ya haɗiye, mai kyau ko mugu, sai ya bi hanji mai tsawon kusan mita 30 kafin ya bar jikinsa. Kai idan ka ci abin da ya lalace, ka yi amai ka huta. Shi ba shi da wannan mafita.

An halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, in an bar shi a sake yakan yi awa goma sha shida yana kiwo a yini. Aikin narka ciyawar kuwa a can ƙarshen hanji ake yin sa, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke zaune, sun saba da irin abincin da ake ba shi kullum. Shi ya sa tsofaffin masu barga ba sa sauya wa doki abinci rana ɗaya. In za a koma daga harawa zuwa ɗanyar ciyawar damina, ko za a ƙara masa gero saboda hawa ya matso, a hankali ake yi, cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba su karanta wannan a makaranta ba, amma likitocin dabbobi ma abin da suke faɗa ke nan. Idan aka antaya masa shinkafa ko tuwo ko burodi ko tsaba mai yawa a lokaci ɗaya, tumbi da ƙaramin hanji ba sa iya gamawa da su, sai su wuce can baya su fara tsami. Iska ta taru, ciki ya kumbura, hanji ya ɗaure, wani lokaci ma ya murɗe. Wannan shi ne ciwon cikin da masu doki suke tsoro fiye da komai. Za ka ga doki yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana gumi, ya kwanta ya tashi, ya yi birgima, kashi ya tsaya. In hanji ya murɗe sai tiyata, kuma kowa ya san ba a nan kusa ake yi wa doki tiyatar ciki ba.

In ma ya tsallake ciwon ciki, akwai na biyu da yake biyo baya bayan kwana ɗaya ko biyu. Dafin da tsamin nan ya haifar yana shiga jini ya sauka a kofato. Naman da ya riƙe kofato da ƙashi ya kumbura, kofato ya ɗau zafi, doki ya tsaya ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina baya kamar mai tsoron taka garwashi. Wani ya warke, wani kuma ya gama hawuwa ke nan har abada. Wanda ya zuba abincin ya daɗe da mantawa, ba zai taɓa haɗa gurguntar dokin da kwanon shinkafar da ya juye ranar Talata ba.

Sai kuma shaƙewa. Doki mai haɗama in ya samu abu mai daɗi ba ya tsayawa taunawa. Ƙwallon mangwaro, guntun rake, totuwar masara, ɓawon kankana mai kauri, duk suna iya tsaya masa a maƙogwaro. Sai ka ga yawu da abinci suna fitowa ta hanci. Leda kuwa ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga abin da ake cirowa daga cikin shanu. Mutum ya ajiye wa doki abinci a cikin leda, ƙamshin mai da gishiri yana jikinta, dokin zai haɗa har da ita.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan haɗari, kuma su ne mutane suka fi ɗauka a matsayin kyauta ta gaske, domin kamar abincin dabba suke. Na farko hatsin da ya yi fumfuna. Mutum ya buɗe buhun masara ya ga ta lalace, ya ce maimakon a zubar bari a ba dabba. Fumfunar masara tana fitar da guba da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki, ya riƙa tangaɗi yana zagaye wuri ɗaya, kuma a cikin dabbobin gida doki ne ya fi saurin kamuwa da ita. Na biyu wake ko hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya. Mu nan ƙasar wake ce, mun san abin da ake zubawa a buhu. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Sharar sito da ake tattarawa a ce a kai wa dabba, sau da yawa a nan maganin ya fi taruwa. Na uku abincin kaji da na kiwon shanu na kamfani. Wasu daga cikinsu ana haɗa su da wani magani mai suna monensin, wanda kaza da saniya suke ɗauka lafiya, amma ɗan kaɗan ya isa ya lalata zuciyar doki. A 2024 a jihar Oklahoma ta Amurka, gomman dawakai suka mutu a gona ɗaya saboda wannan magani ya shiga abincinsu bisa kuskure. Yanzu da gidajen kaji suka yawaita a garuruwanmu, ragowar buhun abincin kaji ba wuyar samu gare shi ba. Ɓawon ɗanyen rogo yana da tasa gubar. Haka ƙaramar dawa da ta toho bayan an yanke, ko wadda fari ya sa ta yi yaushi, makiyaya sun daɗe da sanin sharrinta. Yaro kuma in ya ce zai yanko wa doki ciyawa a bakin kwalbati, ba ya bambance ciyawa da ganyen zurma ko zaƙami.

Ƙorafi na biyu cikin ukun da na ambata shi ne ya fi tsaya mini a rai. Wani bawan Allah ne, ba mai kuɗi ba, dokinsa ɗaya tal, bikili. Da shi yake fita hawa a tawagar hakimi, da shi kuma yake ɗan samun na cefane in ana kilisar angwanci. Shekara huɗu yana kiwonsa. Washegarin wani biki a unguwarsu, aka kwashe ragowar shinkafa da taliya da suka kwana, aka ba yara su kai juji. Yaran suka ga doki a hanya, suka ga ya fi juji cancanta. Shi mai dokin yana kasuwa. Da la'asar ya dawo ya tarar da shi yana birgima, ya jiƙe sharkaf da gumi. Aka yi ta jan sa ana zagayawa da shi, aka nemo malamin dabbobi, aka yi allura. Kafin asuba ya mutu.

Asarar dokin daban, abin da ya biyo baya daban. Mutumin nan bai yarda cewa tsautsayi ne ba. Akwai tsohuwar 'yar tsama tsakaninsa da wani a gidan da aka yi bikin, sai ya ce da gangan aka yi. Su kuma suka ce sun yi abin arziki an saka musu da ƙazafi. Mata suka daina gaisawa, aka hana yara shiga gidajen juna. Sai da mai unguwa da liman da mu 'yan ƙungiya muka zauna sau biyu kafin aka samu aka yayyafa wa abin ruwa. Da aka kira yaran, babbansu bai fi shekara goma ba. Ya ce, "Baba, mun ga yana kallonmu ne." Mai dokin ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. An yafe, amma ba a biya doki ba, domin babu mai abin biya, kuma hawan babbar sallah a ƙasa ya kalle shi.

Wannan zargi da ya yi, kada a ɗauka shi kaɗai ne mai irin tunanin. Duk wanda ya san harkar dawakai ya san akwai kishi a cikinta. Ana gasar wanda dokinsa ya fi ƙiba da sheƙi, ana gasar sukuwa, ana kuma maganar sammu da baki, ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba. Mai doki in ya hango baƙon hannu a bakin dokinsa, ba sadaka ce take fara zuwa masa a rai ba. Wasu kuma ɓarawo suke tunani, domin mai son kwance doki da dare yakan fara saba masa da hannunsa da rana. Ka ga ke nan kai da ka tsaya da zuciya ɗaya ka jefa kanka cikin abin da ba ka sani ba. In dokin ya kwana da wani ciwo na daban, wanda ba ruwanka da shi, kai aka gani.

Sai maganar yara, wadda ita ce ta fi damuna a matsayina na uba. Dokin da aka saba ba shi abu a hannu yakan koyi cizo. Yana ganin mutum ya nufo shi sai ya miƙo baki, in bai samu komai ba ya kama riga ko yatsa. Haƙorin ingarma ba abin wasa ba ne. Idan dawakai biyu ne a kusa, ka ba ɗaya ka hana ɗaya, sai faɗa ya tashi, yaron da ke tsakiya shi zai sha harbi. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, shi ya sa yaron da ya zagayo ta baya a guje yake cikin haɗari. Ga titi a gefe. Dokin da ya saba samun abinci daga masu wucewa, kullum hankalinsa yana kan kwalta. Ranar da igiya ta tsinke ko turke ya tuge, can zai nufa, kuma mun san yadda motoci suke gudu a hanyar nan. Hannun ma kansa yana ɗaukar cuta. Wanda ya shafa hancin wannan doki ya je ya shafa na gaba, zai iya kai masa mura. Ba a daɗe ba, a ƙarshen 2018 zuwa 2019, murar dawakai da jakuna ta yi ɓarna a Sakkwato da wasu sassan arewa har da Nijar.

To amma ba zan rubuta wannan in bar masu dawakai su tafi da farin riga ba. A taron ma na faɗa musu. Wani dokin in ka gan shi dole ka tausaya. An ɗaure shi tun hantsi a rana, babu inuwa, babu ruwa, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa, igiya ta ci masa ƙafa. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 na ruwa a yini, a zafin Afrilu ma ya fi haka, amma sai ka ga bokiti ɗaya da safe shi ke nan. Wasu sai sallah ta matso suke tunawa suna da doki, sai a hau ɗura masa gero da dusa da kanwa ana son ya yi ƙiba cikin mako biyu, wanda shi ma hanyar ciwon cikin ce. In mai wucewa ya ga irin wannan dabba ya miƙa mata ɓawon kankana, ba shi ne ya fara laifi ba. Na san harawa ta yi tsada, musamman daga Maris zuwa saukar ruwa, lokacin da ɗaurin harawar wake yake neman ya gagari talaka. Amma wanda ba zai iya ci da doki ba, sayar da shi ya fi masa mutunci a kan ya ɗaure shi a bakin titi yana bara da ido. Wasu sun ji haushin wannan magana. Ban janye ba.

Duk da haka, ramar doki ba kullum take nufin yunwa ba. Wani tsufa ne, haƙoransa sun cinye. Wani tsutsar ciki ce ko sammore, ana kan yi masa magani. Wani kuma da gangan aka rage masa abinci saboda ya taɓa yin ciwon kofato, likita ya ce a kiyaye. Wanda aka ba maganin tsutsa da safe, ko wanda ya dawo daga sukuwa jikinsa da zafi, akwai abin da bai kamata ya shiga cikinsa a lokacin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai mai wucewa minti biyu ka gani, shi ya san abin da dokin ya ci jiya da shekaranjiya. Kuma ka tuna ba kai kaɗai kake bin hanyar ba. Kai ka ce ai ɗan kaɗan ne. In mutum ashirin suka ba da ɗan kaɗan kafin magariba, ya zama kwano.

Wani ɗan uwa da ke zaune a Ingila ya taɓa yi mana bayani cewa su ma suna fama da wannan. Lokacin kullen korona a 2020, mutane suka yawaita yawo a ƙauyuka, suna miƙa wa dawakan da ke cikin shinge karas da burodi da yankakkiyar ciyawa, dawakai suka yi ta ciwo, wasu suka mutu, har ƙungiyar masu dawakai ta ƙasar ta fito da gangamin wayar da kai. A wani daji da ake kira New Forest, inda dawakai suke yawo a sake, tun watan Yuli na 2023 doka ta hana ba su abinci ko shafa su, tarar fam 100 ce, in an je kotu tana iya kai fam 1,000. Na kawo wannan ne don a san ba ƙauyanci ko rowa ce ta sa masu dawakanmu suke magana ba. Amma ni ban ga tara za ta yi aiki a nan ba. Wa zai kama, wa zai karɓa? Kuma a garin da kowa ɗan uwan kowa ne, ranar da aka ci tarar wata tsohuwa saboda ta ba doki ƙanzo, ranar aka kashe maganar gaba ɗaya.

Abin da muka fara gwadawa shi ne allo. Aka rubuta "An hana ba doki abinci" a jikin kwali aka rataye a bishiya. Bai yi wani tasiri ba. Yaran da suka fi yin abin yawancinsu ba sa tsayawa karatu, wasu ba su iya boko ba, manya kuma suka ɗauka gadara ce. Wani ma ya ce mini, "Sakatare, ai dokin nasa ne, amma ladan nawa ne." Da aka sauya rubutun ya koma "Wannan doki yana shan magani, don Allah kada a ba shi komai", a inda hakan gaskiya ne, sai aka ga bambanci. Mutanenmu in ka ba su dalili suna ji, in ka ba su umarni sai su tambaye ka wane ne kai. Yanzu muna so a yi allunan da boko da ajami, a sa zanen hannu da doki yadda wanda bai iya karatu ba zai gane.

Abin da ya fi allo aiki kuwa abu ne mai sauƙi: matsar da turke. Wani daga cikin masu ƙorafin ya ja nasa baya kamar taku ashirin daga hanya, ya kafa dannin kara ta ɓangaren titi. Tun daga ranar bai sake tsintar leda a gaban dokinsa ba. Mutum yakan miƙa hannu in abu yana kusa, amma da wuya ya tsallaka kunya ya shiga gonar mutane don ya ba doki burodi. Kara bayan girbi ba ya wuyar samu, aikin yini ɗaya ne. Wanda kuma ba shi da wurin matsawa, ya gajarta talala yadda bakin dokin ba zai kai inda mutane suke takawa ba, ya ajiye ruwa da harawa a gabansa. Dokin da ake gani da abinci a gabansa ba ya jawo tausayin kowa.

Yaran unguwa kuma, maimakon a riƙa korar su da bulala, wani mai doki ya yi dabarar da ta burge ni. Ya kira manyan cikinsu ya ce su ne masu gadi. Da yamma in zai ba da dusa, su suke riƙe masa kwano, ya nuna musu yadda ake tsayawa ta gefen kafaɗa, ya bar su su goge masa jiki. Yanzu su ne suke hana wasu. Na ji ɗaya yana gaya wa wani babba, "Kawu, ba a ba shi, cikinsa ba ya so." Yaro dama kusantar dokin yake so, abincin hanya ce kawai.

Ga wanda yake neman lada tsakani da Allah, ƙofa a buɗe take. In kana da harawa ko ƙowa ko dusa mai kyau da kake son bayarwa, nemi mai dokin ka danƙa masa, shi ya san lokacin da zai ba shi da yadda zai auna. Ba na jin akwai mai dokin da zai mayar da ɗaurin harawa a watan Afrilu. In ka ga doki a rana babu ruwa, tambayi na kusa na wane ne, a kira shi. In ka ga alamar an yi watsi da dabba, ka gaya wa mai unguwa ko wani daga cikin shugabannin ƙungiya, za mu je mu same shi cikin mutunci, mun yi hakan sau biyu kuma an gyara. Masu biki da masu sayar da abinci da masu shayi, don Allah in za a ba yara ragowa su zubar, a gaya musu inda za su kai, a kuma ce musu ban da gaban doki.

In kuwa abin ya riga ya faru, ka ga ɗanka ko wani ya zuba wa doki abu, kada kunya ko tsoron rigima su sa ka yi shiru. Je ka gaya wa mai shi nan take: ga abin da ya ci, ga yawansa, ga lokacin. Awa biyun farko suna da daraja, domin likita in ya san abin da ke ciki ya san ta inda zai fara. Masu dawakai kuma sun yi mana alkawari a taro cewa duk wanda ya zo ya faɗa da bakinsa ba za a ɗaga masa murya ba, na rubuta wannan a littafi, kuma zan tuna musu. Su ma in sun ga alamun ciwon ciki, a ɗauke abinci daga gabansa, a riƙa jan sa yana tafiya a hankali, a kira malamin dabbobi da wuri. A guji ɗura masa mai ko jiƙo ta hanci ko ta baki da ƙarfi, domin in ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, an ƙara wata cutar a kan wata.

Saura magana ɗaya da ba mu cimma matsaya a kanta ba. Wasu suna ganin a nemi fili ɗaya a bayan gari, a kewaye, duk masu dawakai su riƙa ɗaurewa a can, a ɗauki mai gadi a riƙa haɗa masa kuɗi. Wasu sun ce ingarmu ba sa zama wuri ɗaya lafiya, kuma in cuta ta shiga duk za ta kwashe, ga shi ba wanda yake son dokinsa ya kwana inda ba ya jin haniniyarsa. Ni na fi karkata ga ra'ayi na biyu, amma ba ni da doki, don haka nawa rubutawa ne. An sa maganar a ajandar taro mai zuwa, kuma an ce a gayyato masu unguwanni da malamin dabbobi. Duk mai doki a Gadau da ƙauyukan kewaye, ko ɗan ƙungiya ne ko ba ɗan ƙungiya ba, muna roƙo ya zo da kansa, kada ya aiko yaro.